Conrad Hal Waddington

Conrad Hal Waddington (8 ga Nuwamba, 1905 – 26 ga Satumba, 1975) masanin kimiyyar halittu ne ɗan ƙasar Birtaniya, wanda ya yi fice a binciken yadda ɗan tayi ke girma da kuma ilimin gado. Shi ne ya raɗa wa fannin efijenetik suna a shekarar 1942, wato ilimin da ke bin diddigin yadda jiki ke sarrafa ƙwayoyin gadonsa, ya sa wasu aiki ya dakatar da wasu. Ya riƙe kujerar farfesan ilimin gadon dabbobi a Jami'ar Edinburgh tun daga 1947, ya kuma yi wa rundunar sojin saman Birtaniya aikin bincike a Yaƙin Duniya na Biyu.

Tun a 1935 Waddington ya yi rubutu kan sankara, inda ya ɗauke ta a matsayin ƙwayoyin halittar da suka kuɓuce wa tsarin da ke tafiyar da ginin jiki. Binciken da aka yi bayan mutuwarsa ya gano cewa a sankarar mama da wasu nau'o'in ciwon daji, akan toshe wasu ƙwayoyin gado masu kare jiki ba tare da rubutunsu ya lalace ba. Da sunan da ya raɗa ake kiran wannan fanni har yau.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Waddington a garin Evesham na yankin Worcestershire a Ingila. Sunan mahaifinsa Hal, mahaifiyarsa kuwa Mary Ellen. Ya yi shekarun farko na ƙuruciyarsa a kudancin Indiya, a gundumar Wayanad da ke jihar Kerala ta yanzu, inda mahaifinsa ke aiki a gonar shayi. Yana da kimanin shekara 4 aka mayar da shi Ingila, ya tashi a hannun dangi mabiya ɗariƙar Kirista ta Kwaka, iyayen kuma suka ci gaba da zama a Indiya har zuwa 1928.

Ya yi sakandare a Kwalejin Clifton da ke Bristol, daga nan ya shiga Kwalejin Sidney Sussex ta Jami'ar Kambirij. A can ya karanci kimiyya, ya ƙware a ilimin duwatsu, ya kammala da sakamako mafi daraja a 1926. Binciken da ya fara da shi a kan amonait ne, wasu halittun teku masu murɗaɗɗen kwanso da suka ƙare tun zamanin da, sai burbushinsu da ya zama dutse. Bai kammala wannan digiri na uku ba, domin hankalinsa ya rabu tsakanin falsafa da nazarin halittu masu rai. Rubuce-rubucen masanin falsafa Alfred North Whitehead, wanda ke kallon kowane abu a matsayin al'amari mai gudana da sauyawa, sun yi masa tasiri har ƙarshen rayuwarsa. Daga baya Jami'ar Kambirij ta ba shi digirin dakta a kimiyya bisa ayyukan da ya wallafa.

Binciken ɗan tayi

A 1924 wasu Jamusawa biyu, Hans Spemann da ɗalibarsa Hilde Mangold, suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da tayin wata dabbar ruwa dangin kwaɗo. Sun yanko ɗan yanki daga wani tayi suka dasa a cikin wani, sai yankin ya sa naman da ke kewaye da shi ya gina jiki na biyu, da laka da ƙashin baya. Suka kira wannan yanki mai tsarawa. Spemann ya samu kyautar Nobel a 1935 saboda wannan aiki.

Waddington ya so ya ga ko haka abin yake a tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa. Ya soma aiki a ɗakin bincike na Strangeways da ke Kambirij, ƙarƙashin jagorancin Honor Fell, inda ya koyi raya tayin kaza a wajen ƙwai. A farkon shekarun 1930 ya nuna cewa tayin kaza ma yana da nasa mai tsarawa, kuma yankin da aka ɗauko daga tayin agwagwa yana iya yin wannan aiki a tayin kaza. Daga baya ya faɗaɗa gwajin zuwa tayin zomo. A 1936 Cibiyar Kimiyya ta Masarautar Beljiyam ta ba shi kyautar Albert Brachet saboda wannan bincike. A waɗannan shekaru yana koyarwa a sashen nazarin dabbobi, kuma yana cikin malaman Kwalejin Christ.

Tare da Joseph Needham da matarsa Dorothy Needham, ya shiga neman sinadarin da mai tsarawa ke fitarwa. Neman bai kai su ga gaci ba. Sun tarar cewa sinadarai iri-iri, har da wani shuɗin rini da ba ya cikin jikin kowace dabba, suna iya sa naman tayi ya zama laka. Daga nan Waddington ya fahimci cewa yawancin sirrin yana cikin naman da ke karɓar saƙon. Saƙo yana tayar da shi ne kawai, amma hanyoyin da zai iya bi an riga an shata su a cikinsa, kuma ƙwayoyin gado ne suka shata su. Wannan ya kai shi Amurka a ƙarshen shekarun 1930, inda ya yi aiki a Cibiyar Fasaha ta Kaliforniya kan yadda ƙwayoyin gado ke gina fiffiken ƙudan 'ya'yan itace mai suna Drosophila.

Rubutunsa kan sankara

Cikin sinadaran da aka gwada a tayin akwai wasu da aka san suna haddasa ciwon daji, da wasu masu aiki irin na estirojin, sinadarin jikin mace. A 1935 Waddington ya wallafa wata maƙala a mujallar Nature kan alaƙar sankara da ka'idar mai tsarawa. Ra'ayinsa shi ne, akwai wani iko da ke daidaita girman kowane sashe na jiki da na maƙwabtansa, ya ba kowace gaɓa siffarta, kuma wannan iko ba ya gushewa bayan haihuwa. Ƙari yana fitowa ne idan wasu ƙwayoyin halitta suka fita daga ƙarƙashin wannan iko, suka ci gaba da hayayyafa ba tare da bin siffar gaɓar ba.

A lokacin babu kayan aikin da za a gwada wannan ra'ayi da su. Ba a ma tabbatar da cewa DNA ce ke ɗauke da gado ba, sai a 1953 aka bayyana siffarta. Cikin shekarun da suka biyo baya, binciken sankara ya fi karkata ga lalacewar rubutun ƙwayoyin gado, ra'ayin Waddington kuma ya daɗe ba a waiwaye shi sosai ba.

Efijenetik da hoton gangare

Tambayar da ta fi damun Waddington ita ce: jikin mutum ya faro ne daga ƙwayar halitta guda, kuma kusan dukkan ƙwayoyin da suka fito daga gare ta suna ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya. To me ya sa wata ta zama ta hanta, wata ta ido, wata ta mama? Kuma me ya sa ta hanta, in ta rabu biyu, 'ya'yanta ba sa mantawa su zama na fata?

A zamaninsa masu ilimin gado da masu nazarin tayi kowa harkar gabansa yake yi. A wata maƙala da ta fito a mujallar Endeavour a 1942, Waddington ya nemi a haɗa fannonin biyu, ya kuma ba haɗin suna efijenetik. Ya samo sunan ne daga tsohuwar kalmar efijenesis, wato fahimtar cewa gaɓoɓin tayi suna samuwa ne sannu a hankali, mataki bayan mataki, ya haɗa ta da jenetik, ilimin gado.

Domin bayyana tunaninsa ya yi amfani da hoto. A littafinsa Organisers and Genes na 1940, abokinsa mai zane John Piper ya zana masa ruwa yana gangarowa cikin kwaruruka masu rarrabuwa. A littafin The Strategy of the Genes na 1957 hoton ya koma ƙwallo a saman tudu. Ƙwallon ita ce ƙwayar halitta. Tana gangarowa, sai ta iske mararraba, ta bi kwari ɗaya ta bar ɗaya, can gaba kuma ta sake iske wata mararrabar, har ta isa gindin tudu ta zama abin da za ta zama. A hoto na biyu ya nuna ƙarƙashin tudun: igiyoyi ne ke jan shimfiɗar ƙasa, an ɗaure su a jikin turaku, kuma turakun su ne ƙwayoyin gado. Babu turke guda da ya haƙa kwari shi kaɗai, jan da suke yi tare ne ke ba ƙasar siffarta.

Zurfin kwarin ma yana da ma'ana. Idan wani abu ya ture ƙwallon, kamar zafi ko ƙarancin abinci ko ɗan sauyi a ƙwayar gado, gefen kwarin yakan mayar da ita kan hanya. Wannan ne dalilin da ya sa yawancin jarirai ke zuwa da yatsu biyar a kowane hannu duk da bambancin iyaye da yanayi. Waddington ya bayyana wannan juriya a wata maƙala a Nature a 1942. Sai turin ya yi ƙarfi ƙwarai ƙwallon ke tsallake gefe ta faɗa wani kwarin.

Yaƙin Duniya na Biyu

Lokacin yaƙi Waddington ya ajiye binciken tayi ya shiga sashen masana da ke nazarin ayyukan reshen sojin sama mai tsaron gaɓar teku, wanda ke farautar jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa. Daga 1944 zuwa 1945 shi ne mai ba babban kwamandan reshen shawara kan kimiyya. Da shi da abokan aikinsa suka bi bayanan gyaran jiragen sama, suka lura cewa jirage sun fi samun matsala jim kaɗan bayan an kwance su an yi musu gyaran ƙa'ida. Suka ba da shawarar a tsawaita tazarar gyaran kuma a daina taɓa abin da ke aiki lafiya, sai yawan sa'o'in da jiragen ke tashi ya ƙaru. Injiniyoyi na kiran wannan al'amari da sunansa. Littafin da ya rubuta kan wannan aiki bai fito ba sai 1973.

Edinburgh da gwajin ƙuda

A 1947 Waddington ya zama farfesa a Jami'ar Edinburgh da ke Sukotland, kuma shugaban Cibiyar Ilimin Gadon Dabbobi. A shekarar aka zaɓe shi mamba a Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya. A ƙarƙashinsa cibiyar ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren binciken gado a duniya. Cikin waɗanda suka yi aiki ko karatu a can akwai Charlotte Auerbach, wadda ta gano cewa sinadari na iya sauya ƙwayar gado, da Douglas Falconer, da Robert Edwards da ya jagoranci fasahar haɗa ƙwan haihuwa a wajen mahaifa. Akwai kuma Mary Lyon, wadda a 1961 ta bayyana cewa a jikin mace ana rufe ɗaya daga cikin kuromosom X guda biyu a kowace ƙwayar halitta. Wannan rufewa tana cikin fitattun misalan efijenetik.

Gwajinsa da ya fi jawo muhawara ya fito ne a 1953. Ya ɗauki ƙudan Drosophila a matakin da tsutsa ta shiga kwanso, ya sa su cikin zafin digiri 40 na 'yan sa'o'i. Wasu suka ƙyanƙyashe ba su da wata ƙaramar jijiya da ke gitta fiffike. Ya zaɓi waɗannan ya haɗa su, ya maimaita haka zuriya bayan zuriya. Wajen zuriya ta 14 sai aka soma samun ƙudan da ba su da jijiyar alhali ba a taɓa sa su cikin zafi ba. A 1956 ya sake samun irin wannan sakamako da tururin sinadarin ita.

Wasu sun ɗauki wannan a matsayin dawo da ra'ayin Lamarck, cewa abin da ya sami iyaye a rayuwarsu 'ya'ya na gadonsa kai tsaye. Zargin yana da nauyi a wancan lokaci, domin Trofim Lysenko ya riga ya yi amfani da makamancin ra'ayin wajen rusa ilimin gado a Tarayyar Sobiyet. Bayanin Waddington bai fita daga ka'idar Darwin ba: akwai bambance-bambancen gado a ɓoye cikin ƙudan, zafi ya fito da su fili, zaɓe kuma ya tara su har suka isa su yi aiki ba tare da zafi ba. Masana irin su Ernst Mayr sun ga cewa abin bai buƙaci sabon suna ba. A 1998 Suzanne Rutherford da Susan Lindquist suka nuna cewa wani furotin mai suna Hsp90 yana danne irin waɗannan bambance-bambance a ƙuda, abin da ya sake jawo hankali ga aikin Waddington.

Ya shugabanci Ƙungiyar Kimiyyar Halittu ta Duniya daga 1961 zuwa 1967. A 1965 aka kafa masa rukunin binciken efijenetik a Edinburgh. Ya kuma shirya tarurruka a Bellagio ta ƙasar Italiya, inda ya tara masana lissafi da fiziya da na halittu, aka buga sakamakon a mujalladi 4 tsakanin 1968 da 1972. A farkon shekarun 1970 ya koyar a Jami'ar Jihar New York da ke Buffalo. Bayan kimiyya ya yi rubutu kan ɗabi'a, ya kuma wallafa littafi a 1969 kan dangantakar zane da kimiyya.

Iyali da mutuwa

Waddington ya yi aure sau biyu. Matarsa ta farko, Cecil Elizabeth Lascelles, ta haifa masa ɗa namiji, Jake, wanda ya zama farfesan fiziya a Jami'ar Minnesota. Sun rabu a 1936. Sai ya auri Justin Blanco White, mai zanen gine-gine, suka haifi 'ya'ya mata biyu: Caroline Humphrey, masaniyar al'adun al'umma a Kambirij, da Dusa McDuff, fitacciyar masaniyar lissafi. An ba shi lambar girmamawa ta CBE a 1958. Ya mutu a Edinburgh sakamakon ciwon zuciya ranar 26 ga Satumba, 1975, yana da shekara 69.

Abin da aka gano bayansa

Waddington ya mutu ba tare da an san ainihin abin da ke riƙe ƙwayar halitta a kwarinta ba. A shekarar da ya mutu, Robin Holliday da John Pugh a Birtaniya, da kuma Arthur Riggs a Amurka, suka kawo shawarar cewa wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna metil ne ke yin wannan aiki. Metil yana manne wa harafin C na DNA. Idan ya taru a bakin wata ƙwayar gado, sai ta yi shiru, kuma idan ƙwayar halitta ta rabu biyu ana kwafe alamar ga 'ya'yan. Daga baya aka gano hanya ta biyu. DNA ɗin da ke cikin ƙwayar halitta guda ta kai kimanin mita 2 in an miƙe ta, don haka a naɗe take jikin wasu furotin masu suna histon, kamar zare a jikin mazari. Inda naɗin ya yi tsauri ba a iya karanta saƙon, inda ya yi sako-sako kuwa ana karantawa, kuma alamomin da ake ɗora wa histon ne ke tsananta naɗin ko sassauta shi.

A yau idan an ce efijenetik, yawanci waɗannan alamomi ake nufi, wato sauyin aikin ƙwayar gado da ke ɗorewa ba tare da rubutun DNA ya canza ba. Wannan ma'ana ta fi wadda Waddington ya ba kalmar ƙunci, domin shi dukkan tafiyar ɗan tayi yake nufi. Gwajin John Gurdon na 1962 da na Shinya Yamanaka na 2006 sun nuna cewa ana iya mayar da ƙwayar halitta baya zuwa saman tudun, kuma su biyun sun raba kyautar Nobel a 2012.

Tasirinsa a binciken sankarar mama

A 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins suka gano cewa tsarin metil a ƙwayoyin sankara ya saɓa da na lafiyayyen nama. Abin da aka fahimta daga baya shi ne, metil yana raguwa a yawancin DNA ɗin ƙari, amma yana taruwa a bakin wasu ƙwayoyin gado da aikinsu shi ne taka wa girma birki.

A sankarar mama akwai fitattun misalai uku. Na farko BRCA1, ƙwayar gado mai gyara DNA idan ta tsinke. Mary-Claire King ta gano wurinta a kuromosom na 17 a 1990, kuma matan da suka gaji lalatacciyar BRCA1 suna cikin babban haɗarin kamuwa. A shekarar 2000 Manel Esteller da abokan aikinsa suka tarar cewa a kimanin kashi 13 cikin 100 na ƙarin maman da suka bincika, metil ya taru a bakin BRCA1. A irin wannan ƙari rubutun ƙwayar gadon yana iya kasancewa lafiya lau, amma ba ta aiki.

Na biyu ita ce ƙwayar gadon da ke samar da makarɓin estirojin. Yawancin sankarar mama da estirojin take girma, shi ya sa magani irin tamoksifen, mai toshe makarɓin, yake rage mata ƙarfi. Ƙarin da ba shi da makarɓi ba ya jin wannan magani. A 1994 masu bincike a Johns Hopkins suka nuna cewa a wasu ƙwayoyin sankarar da ba su da makarɓin, metil ya rufe bakin ƙwayar gadonsa. Na uku furotin EZH2, mai ɗora wa histon alamar rufewa. Binciken Celina Kleer da abokanta a 2003 ya danganta yawansa da sankarar mama mai saurin yaɗuwa.

Abin da ya sa likitoci ke sa rai da wannan fanni shi ne, alama tana iya gogewa. A 2004 Amurka ta amince da maganin azasitidin, mai rage metil, domin wata cutar ɓargo. A sankarar mama nasarar ba ta kai haka ba tukuna. A 2019 ƙasar Sin ta amince da maganin tusidinostat a haɗe da maganin rage estirojin, amma wani babban gwaji da aka yi a Amurka da makamancinsa, entinostat, bai ƙara wa marasa lafiya tsawon rai ba. Tiyata da gashi da magungunan da aka saba su ne har yanzu ginshiƙin magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata miliyan 2.3 ne aka gano suna da sankarar mama, kimanin 670,000 kuma suka mutu. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata, kuma da yawa ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi nisa. Wani bincike da Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta suka wallafa a 2009 ya sami cewa mafi yawan ƙarin da suka duba daga Najeriya da Senegal ba su da makarɓin estirojin, ko da yake wasu binciken sun sami adadi daban. Saboda haka gwada naman ƙari kafin a zaɓi magani yana da muhimmanci ga matan da ke zuwa asibitocin koyarwa irin na Barau Dikko da ke Kaduna ta Arewa da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya.

Tun daga 1998 Ƙungiyar Masu Nazarin Girman Halitta ta Birtaniya take ba da lambar yabo mai ɗauke da sunan Waddington, kuma hoton ƙwallonsa a kan gangare yana cikin littattafan da ɗaliban likitanci da na kimiyyar halittu ke karantawa.